Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Labarin Wata Kwamfutar Gwanjo a Fatakwal

'Yan'uwa mazauna Kurmi, na Fatakwal da Anacha da Inugu da duk inda neman abinci ya kai mu, ina yi mana fatan alheri. Kwana biyu kun ji ni shiru, hidimomi ne suka yi yawa. Yau ba zancen farashin albasa ko kuɗin mota zan yi ba. Labarin wata tsohuwar kwamfuta zan ba ku, da yadda ta kusa shiga tsakanina da yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Duk mai yaro a gida wanda ya gama sakandare yana zaune babu karatu babu sana'a, to ya gyara zama, domin da shi nake.

A watan Janairun 2024 Yaya ya kira ni daga Inugu. Shi a Gariki yake, ta wajen Awkunanaw, yana harkar awaki da tumaki shekara da shekaru. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Ka ji, yaron nan ya ishe ni." Babban ɗansa yake nufi. Yaron ya gama sakandare, makin jarrabawar shiga jami'a bai kai ba, kullum yana gidan gem daga hantsi har magariba. Yaya ya riga ya yanke shawara: zai tura shi ƙauyenmu can ƙasar Wudil ya kama noma wajen ƙanin mahaifinmu. Mai karatu, noma ba abin raini ba ne, da shi aka raine mu. To amma wannan yaro a Inugu aka haife shi, yana jin Ibo kamar jakin Kano da Hausa, kuma bai taɓa yin sati uku a jere a Arewa ba. Na san idan aka kai shi ba zai zauna ba, guduwa zai yi, kuma ba gida zai dawo ba. Sai na roƙi Yaya ya turo mini shi Fatakwal. Ya yi shiru, can ya ce, "Na ba ka zuwa Babbar Sallah. In ban ga abin da ya kama ba, mota zan sa shi."

Ni ɗan shago nake da shi a Diobu, ina buga takardu da fotokwafi da cire kuɗi. A shagon akwai wata kwamfutar tafi-da-gidanka da na saya lokacin da wani kamfanin aikin mai na Trans-Amadi ya yi gwanjon tsofaffin kayan ofis. Sunanta Dell Precision M4800, ƙirar 2013. Nauyinta ya kusa kilo 3, cajarta kamar bulo, ni kuwa wasiƙu da rasit kawai nake bugawa da ita. Ranar da yaron ya iso, ko ruwa bai sha ba ya ɗauke ta ya kifa, ya karanta rubutun bayanta, ya dube ni ya ce, "Baffa, ka san abin da kake da shi kuwa?" Na ce tsohuwar kwamfuta mai jan ƙafa. Ya yi dariya.

Ashe ba irin wadda ake saya wa sakatare ba ce. Irin ta injiniyoyi ce, masu zanen bututun mai da gine-gine da manhajar AutoCAD, kuma an ƙera ta ne yadda za a iya buɗe ta a canza kayan ciki. Tana da gurbin ram har guda huɗu, biyu a ƙarƙashin murfin baya, biyu a ƙarƙashin madannai, kuma za ta ɗauki giga 32. Ƙwaƙwalwarta, wato furosesa, a soket take zaune. Katin hotonta ma allo ne mai zaman kansa, irin wanda ake kira MXM, ana kwance shi da sukudireba. Yawancin siraran kwamfutocin yanzu kuwa an narke waɗannan kaya ne a jikin babban allo, yadda ka saya haka za ka ƙare da ita. Duk wannan bayani daga bakin yaron da aka ce ba ya komai sai gem na ji shi. Daga baya na gane ai son gem ɗin ne ya koya masa, domin wanda ba shi da kuɗin sabuwar na'ura dole ya san abin da ke cikin tsohuwa.

Na tambaye shi, to in an gyara ta me za ka yi da ita ban da ƙwallo? Sai ya ciro wani katin ɗaurin aure daga aljihunsa, wanda aka buga a Inugu, ya nuna mini wani layi. An rubuta "manyan baki" maimakon "manyan baƙi". Wato alhazan da aka gayyata an mai da su masu manyan bakuna. Bisimillar da ke saman katin kuma haruffanta a warwatse suke, sun faro daga hagu. Ya ce, "Baffa, masu buga mana kati ba laifinsu ba ne, ba su jin Hausa, ba su karanta Larabci. Mu kuma kullum muna da aure da suna da saukar karatu da taron ƙungiya. Wa yake ɗaukar bidiyon? Wa yake tacewa?" Na yi shiru, domin gaskiya ya faɗa. Tun shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar da haruffan kwamfuta masu lanƙwasa a Kano, yanzu ma ɗ da ƙ da ɓ suna cikin kowace waya, amma mu nan Kurmi har yau muna ɗaura aure da "manyan baki".

Sayen sabuwa ba ya cikin lissafi. Lokacin an cire tallafin mai tun Mayun 2023, dala ta haura naira 1,500, kuɗin sabuwar kwamfutar gem kuwa ya fi jarin shagona gaba ɗaya. Ko kuɗin gyaran ma ban da shi. Maiɗakina ce ta ji muna lissafi da daddare, da safe ta miƙo mini kwasar adashenta, wadda ta yi niyyar sayen keken ɗinki da ita. Ta ce, "Malam, rance ne, ba kyauta ba." Daga ranar abin ya tashi daga wasa. Ga wa'adin Yaya, ga bashin matata.

Matakin farko bai ci kuɗi sosai ba. Muka kai ta Garrison, wajen wani abokina Ibo mai gyara, wanda muka shekara goma muna hulɗa. Da ya ɗaga murfin sai ya kira maƙwabtansa su zo su gani. Mutanen Fatakwal sun san baƙar kunkunniyar da ta riƙa sauko mana daga sama tun ƙarshen 2016, wadda kake share ta a kan mota da tafin ƙafar yara. To ita ce ta haɗu da danshin garin nan ta toshe fankokin nan biyu kamar an liƙa musu bargo. Ya wanke su, ya kankare busasshen man da ke tsakanin furosesa da bututun jan ƙarfen da ke kwashe zafi, ya shafa sabo. Kafin wannan aiki zafinta kan haura digiri 90 da an ɗora mata nauyi, ita kuwa na'ura idan ta ji zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Bayan wankin ta sauko wajen 75. Wato rabin jan ƙafar da nake zarginta da shi, datti ne kawai.

Mataki na biyu shi ne ma'adana. Tsohuwar mai faifai ce da ke juyawa a ciki, ba ta wuce karanta mega 100 da 'yan kai a daƙiƙa. Muka sa marar faifai, wadda 'yan kasuwa ke kira SSD, mai giga 512, ita kuwa tana kaiwa mega 500. A nan a kula: irin mai bakin SATA wannan kwamfuta take karɓa, ba siririyar nan ta zamani da ake kira NVMe ba. Tsohuwar ma ba mu yar ba. Muka zare gidan faifan DVD, muka sa ta a gurbinsa don ajiyar bidiyo. Kwamfutar da sai na kunna ta na je na yi alwala na dawo kafin ta gama tashi, sai ga shi kafin in gyara kujera ta buɗe. In kuɗinka na abu ɗaya ne tak, wallahi wannan za ka saya.

A mataki na uku ne na yi wauta. Na ga ram mai araha a hannun wani, ban jira yaron ba na saya guda biyu. Muka sa, muka danna, allo baƙi ƙirin. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan na ƙona kuɗin adashe. Yaron ya zare ɗaya ya duba takardar jikinsa ya ce, "Baffa, babu L." Ashe iri biyu ne masu kama da juna kamar tagwaye. Akwai DDR3 mai cin wuta folt 1.5, akwai DDR3L mai cin 1.35, kuma furosesar Intel zubi na huɗu ta tafi-da-gidanka mai L take so. A jikin takardar za ka ga PC3 ko PC3L. Harafi ɗaya ya ja mini asarar kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kafin na samu mai karɓa. Ni da nake dariyar masu "manyan baki", sai ga shi harafi ɗaya ya kayar da ni. Daga ƙarshe muka tsaya a giga 16, muka bar gurbi biyu sai Allah Ya hore.

Furosesar ba mu taɓa ta ba. Core i7-4800MQ ce mai ƙwaƙwalwa huɗu, kuma abokina ya ce waɗanda suka fi ta a wannan zubi ƙarin gudunsu kaɗan ne, zafi da kuɗi ne masu yawa. Caja ma ya gargaɗe mu. Wannan na'ura wat 180 take buƙata. Idan ka sa mata ƙaramar caja ko ta jabu, tana ganewa, sai ta rage gudu, wani lokaci ma ta ƙi cajin batir. Da yawa suna zagin kwamfutarsu alhali cajar ce.

Saura babban aiki, wato katin hoto. Wanda ke ciki Quadro K1100M ne mai giga 2, ya tsufa har an daina fitar masa da sabuwar manhajar direba. Yaron yana son Quadro M2000M mai giga 4, na 2015, wanda ake cirowa daga kwamfutocin da suka biyo bayan tamu. Ƙwayar da ke cikinsa iri ɗaya ce da ta GeForce GTX 960M da 'yan gem suka sani, bambancin dai shi an tsara direbansa ne don aikin injiniyoyi. Mun zaga Garrison da Ogbunabali ba mu samu ba. Sai abokina ya kira wani ɗan'uwansa da ke da shago a Emeka Offor Plaza a Anacha, ya ce akwai guda ɗaya. Ya ce a aiko ta mota, na ce a'a, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake, da idona zan gani. Muka zaɓi ranar Laraba, domin a lokacin ranar Litinin kasuwannin yankin a rufe suke saboda dokar zaman gida.

'Yan'uwa, ban faɗa wa yaron ba, amma rabona da kwana a Anacha tun Fabrairun 2006. A can aka haife mu ni da Yaya. Mahaifinmu yana da rumfar wake da gero kusa da Head Bridge. Da rikicin Maiduguri ya faru aka zo ramuwa a Anacha, da ƙafa muka tsallaka gadar Neja zuwa Asaba, daga mu sai kayan jikinmu, wasu kuma suka fake a barikin soja. Littattafan bashin Baba da takardunsa da hotunanmu duk a can suka tsaya. Baba bai sake komawa ba har Allah Ya karɓi ransa a gida. Abu ɗaya ne ya tsira, shi ma wata maƙwabciyarmu Ibo ce ta tsince shi ta adana, ta aiko mana bayan shekara guda: hoton Baba a bakin rumfarsa, ruwa ya ci gefensa, rabin fuskar ya dushe. Yana cikin jakata tun lokacin.

Da muka gama ciniki, aka gwada katin a gabanmu, na ja yaron muka je bakin ruwa. Na nuna masa tsohuwar gadar da aka gina a 1965, ga sabuwar da aka ƙaddamar a 2023 can ƙasa da ita. Na ba shi labarin duka. Na ce masa, ka ga abin da ya sa na yarda na ci bashi a kan wannan na'ura? Kakanka dukiyarsa a buhu take, buhu kuwa ba ya gudu. Ubanka dukiyarsa mai ƙafa huɗu ce, sai an nemi mota. Kai ina so taka ta zama a kanka da cikin jakar goyo. Ba fatan tashin hankali nake ba, Allah Ya kiyaye. Mun daɗe a ƙasar nan, har Malam Umaru Altine, mutumin Sakkwato mai fataucin shanu, shi ne magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, kuma da ƙuri'ar Ibo ya hau. Nan ɗin gida ne. Amma zama a gida ya fi daɗi idan kana da abin da mutanen gari ke nema a wajenka. Bai ce komai ba, sai dai a mota ya ce in ba shi hoton ya gani.

Daren da aka sa katin ban yi barci ba. Sai da aka cire madannai da murfin sama da fankoki kafin a kai gare shi, aka jera sukurori a kan farar takarda, kowane da sunan inda ya fito. Aka mayar, aka kunna, ta tashi, amma Windows ta ce ba ta san wannan baƙo ba, direban kuma ya ƙi shiga, domin ba a ƙera katin don wannan samfuri ba. Kwana biyu yaron da abokina suna fama, ga ɗauke wuta, ga tsadar man janareta. A rana ta uku suka yi wa fayil ɗin direban gyaran da ya sa ya karɓi katin. Ina sallame la'asar na jiyo ihu daga shago. PES 2021 ce take gudu sumul, ciyawar fili har sheƙi take. Na ce to madalla, yanzu sai a nuna mini inda kuɗin keken ɗinki zai fito.

Muka kafa doka: babu gem sai bayan isha'i, kuma sai an gama aikin ranar. Ba zan yi muku ƙarya ba, an karya dokar nan ba sau ɗaya ba, har na taɓa kulle cajar a durowa kwana biyu. Amma aiki ya fara shigowa. Katin suna, fostar wa'azin azumi, kalandar ƙungiyar masu sayar da doya, duk da CorelDRAW da Photoshop, ƙ a inda ƙ take, Larabci daga dama. Abin da ban zata ba kuma, yaran unguwa da ke taruwa buga ƙwallo da dare, Ikwerre da Ibo da Ogoni, su suka fara kawo masa aikin fostar coci da ta bikin binne mamaci. Gem ɗin da muke zagi shi ya zame masa talla.

Gwajin gaske ya zo bayan Ƙaramar Sallah, da wata Islamiyya a Inugu ta yi saukar karatu. Ya je ya ɗauka da wayoyi biyu na aro. Da ya zo tacewa sai hoton ya riƙa tsalle, domin wayoyin zamani suna matse bidiyo da wani tsari da wannan tsohon kati bai iya warware shi da kansa ba. Dabarar ita ce a fara juya bidiyon zuwa kwafi mai sauƙi, a yi yanka da jeri a kansa, sannan a fitar da na ainihi. Fitar da bidiyon minti 40 ta cinye dare guda, muna addu'a kada wuta ta tafi. Iyayen yara suka saya, wasu suka tura wa dangi a Kano da Katsina.

Babbar Sallah ta kama Lahadi, 16 ga Yunin 2024. Washegari muka hau mota ta Aba da Lokpanta muka isa Inugu. Na zo da littafin lissafi a hannu don in kare kaina, domin gaskiya abin da aka samu bai wuce rabin bashin ba. Yaya ya saurara yana yankan nama, fuskarsa babu yabo babu fallasa. Da na gama ya ce, "Rabi ke nan." Na ce rabi ne, Yaya. Sai yaron ya shiga ɗaki ya fito da wani abu a naɗe cikin jarida ya ajiye a gabansa. Hoton Baba ne. Ashe tun dawowarmu daga Anacha yake zama bayan na kwanta, yana cike inda ruwa ya ci ɗigo-ɗigo, yana duban fuskar ubansa a waya don ya gane yadda idon kakansa yake. Yaya ya ajiye wuƙar, ya goge hannunsa a riga, ya daɗe yana kallo. Da ya buɗe baki cewa ya yi, "Hular ba haka take ba, ta fi wannan duhu." Can kuma ya ce, "Ka gyara ka buga guda uku, a kai wa Inna ɗaya. Nawa ne kuɗin?" Maganar mota ba ta sake tasowa ba.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka tsohuwa ta zama yarinya. Sababbin wasanni irin su EA Sports FC sun fi ƙarfinta. Batirinta ba ya awa guda. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, ita kuwa Windows 11 a ƙa'ida ba ta karɓar furosesa zubi na huɗu, don haka muna lallaɓawa ne, yaron kuma yana tara kuɗin wadda za ta gaje ta. Shawarata ga mai irin wannan na'ura, ko Dell ce ko HP ZBook ko makamancinsu: fara da wanki da sabon mai, sannan SSD, sannan ram, ka duba harafin L. Katin hoto shi ne na ƙarshe, kada ka saya sai ka tabbatar naka ana cire shi, domin wasu kamar ThinkPad W540 a narke yake, kuma kada ka biya sai an gwada a gabanka. In kuɗin gyaran ya kusa kuɗin wata ta gwanjo da ta fi ta ƙuruciya, haƙura ka sayi waccan.

Bashin maiɗakina mun gama biya kafin ƙarshen shekarar, keken ɗinkin yana tsakar gida, kuma fostar shagonta ɗan yayana ne ya zana, ya ce wannan kyauta ce, ba rance ba. Ku kuma iyaye, kafin ku sa yaro a mota, ku zauna ku tambaye shi abin da ya sani game da abin nan da kuke ganin yana ɓata masa lokaci. Wataƙila shirme ne, wataƙila kuma sana'a ce ba ta samu jari ba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya jiƙan iyayenmu. Sai mun sake haɗuwa in sha Allahu.

Naku a kullum, daga Diobu, Fatakwal.